Ƙeyar Malam Lawali

Malam Lawali ya rasu.

Labarin ya same ni da safen nan, ina tsakar gida da bokitin wanki a hannu. Rifkatu ce ta kira daga Gusau, ƙawata tun sakandare. Ko gaisuwa ba ta tsaya yi ba, ta ce, "Balki, nemi wuri ki zauna." Na ce ta faɗa kawai, ni ba yarinya ba ce. Ta faɗa. Na zauna ɗin kuwa, daɓas a cikin ruwan omo.

Na Allah ne mu, gare shi za mu koma. Bakina ya faɗa tun ɗazu, zuciyar ce ba ta karɓa ba tukuna.

Na san yawancin masu karanta wannan ba ku san shi ba. Shi ne ya koya mana zane a wata sakandare a Gusau, shekara ashirin da ɗoriya ke nan. Mutumin Bungudu ne, dogo, siriri, kullum yatsunsa baƙi ƙirin da gawayi, kullum da fensir maƙale a kunne ko da masallaci za shi. A makaranta Malam Lawali muke ce masa. A gari Mai Gumaka ake ce masa, wasu a bayan idonsa, wasu a gabansa, shi kuma yana amsawa.

Ban gama haɗiye maganar farko ba Rifkatu ta ƙara ta biyu. Ta ce matarsa, Inna Hajara, ta gaya mata cewa yayansa Alhaji Bala ya rantse akwatin nan ba zai kwana a gidan ba. Da an dawo daga maƙabarta za a fito da shi a cinna masa wuta.

Duk wanda ya yi ajin Malam ya san akwatin. Na ƙarfe ne, kore, irin na amaren da. A ciki akwai zanen mutanen da ya yi tsawon rayuwarsa: 'yan garuwa, masu awon hatsi a kasuwar Magami, manoman Wanke da fartanya a kafaɗa, tsofaffi masu kaɗi. Da yawansu sun mutu tun kafin waya mai hoto ta zo. Wasu ma ƙauyukansu yanzu ba kowa, kun san halin da muke ciki. Fuskokinsu ba su rage a ko'ina ba sai a cikin wannan akwati.

Ni ina Tsafe. Jiya an tare hanya, yau direbobin tasha sun ce ba mai motsawa sai sun ji daga waɗanda suka fara wucewa, maigidana kuma ya ce ko sun motsa ba da ni ba. Ban yi masa musu ba, gaskiyarsa ce. Sai na roƙi Rifkatu ta taso daga unguwarsu Damba ta kama hanyar Bungudu, ta je ta roƙa a ba mu akwatin mu ajiye, tunda ba a son shi a gidan.

Ta ce, "Balki, ni za su saurara? Mace, kuma Kirista, ranar jana'iza?"

Na ce ki je dai.

Ta tafi. Ina jiran wayarta ne nake wannan rubutu, don in ban ba hannuna aiki ba zan fasa wani abu a gidan nan.

Ajin Malam matakala ne. Ya ce haka aka koya masa a Zariya, a hannun wani tsohon Bature da shi ma haka aka koya masa a ɗaya daga cikin tsofaffin makarantun zane na ƙasarsu, waɗanda suka yi ɗaruruwan shekaru suna horar da masu zane. Hawa na farko, ka kwafi abin da wani ya zana, ka zana tulu da ƙwarya har ka gaji. Hawa na biyu, ka zana sassan jikin mutum da aka zuba da farar ƙasa. Malam yana da hannu ɗaya, da ƙafa ɗaya, da wani kai marar hanci da ya taho da su daga Zariya a cikin buhu. Su ne gumakan da suka ja masa suna. Hawa na ƙarshe, a zaunar da mutum mai rai a gabanka.

Mu mata a hawa na biyu muke tsayawa.

Wanda ake zaunarwa shi ne Baba Sambo, ɗan garuwan da ke kawo wa makaranta ruwa. Yakan zauna da singileti da wando iya gwiwa, yadda yake aikinsa. Saboda kafaɗun nan da ke waje firinsifal ya ce 'yan mata ba za su shiga ba. Mutumin da kullum muke gani haka yana juye ruwa a randa, ba wanda ya taɓa cewa mu rufe ido. Amma a zauna a dube shi da fensir a hannu, wannan kuma ya zama rashin kunya.

Rifkatu, da yake bakinta bai taɓa mutuwa ba, ta je har ofis ta ce ita ai Kirista ce, a gidansu ba a hana ba. Firinsifal ya ɗago ya dube ta ta saman tabarau ya ce, "Mace ce ke ko ba mace ba?" Ta dawo baranda ta zauna kusa da ni, muka ci gaba da zana tulu. Na zana tulun nan har na san shi fiye da ƙannena.

Ranar farko da aka fitar da mu na yi kuka sosai. Na fi duk mazan ajin hannu, su ma sun sani, amma ga su can ciki ni ga ni a waje da ƙwarya. Malam ya fito ya same mu, ya tsuguna ya ce, "Ku bar kuka. Turawan da sunka ƙirƙiro wagga matakala, su ma haka sunka yi ma matansu. Shekara da shekaru mace ba ta shiga ɗakin da anka zamnar da mutum. Sai hure, sai 'ya'yan itace, sai gunkin hwarar ƙasa. Daga baya sunka ji kunya sunka buɗe ƙohwa."

Na ce, "To mu yaushe za a buɗe?"

Ya ce, "In ba ku ba, ɗiyanku."

'Yata tana aji uku yanzu. A makarantarsu babu darasin zane kwata-kwata, na maza ko na mata. Ɗakin da aka hana mu shiga, na leƙa shi bara, karyayyun bencina ne a ciki har rufi.

Amma bari ku ji abin da ya yi.

Sati na gaba da muka zo, sai muka ga ya sauya wa kujerar Baba Sambo wuri. Da a tsakiyar aji take, ya jawo ta bakin taga, wai haske ya fi kyau a nan. Tagar kuwa ita ce ke kallon barandar da muke zama. Ya fito ya jera mana tulu da ƙwarya daidai ƙarƙashinta, ya ɗaga murya yadda ofis za su ji ya ce, "Ku zana abin da ke gabanku." Ya koma ciki bai ko dube mu ba.

Abin da ke gabanmu shi ne bayan Baba Sambo. Ƙeyarsa, da wuyansa, da kafaɗun nan da sandar garwa ta yi wa kanta gurbi a kai, ta dama ta fi ta hagu sauka. Fuskarsa tana wajen maza. Ba yadda za a juyo da shi ba a gane ba.

Takarda biyu muke riƙewa, ta sama tulu, ta ƙasa Baba Sambo. Malam yakan karɓa duka, ya sa maki a kan tulu, ya yi gyara a kan ta ƙasan, ya maido mana a naɗe.

Haka na koyi zanen mutum, ta baya. Har yau in ka ce in zana maka fuska sai dai ka sha dariya, ido ɗaya kan fito yana kallon Tsafe, ɗaya yana kallon Bungudu. Amma juya mini baya ka gani. Uwarka za ta gane ka.

Ba ya bari a sayi abin da za a iya yi da hannu. Gawayin zane shi yake ƙona mana, karan auduga a cikin gwangwanin madara. Abin gogewa kuwa tsakiyar burodi ne, wai haka ake yi a waɗancan tsofaffin makarantu. Sai dai Turawan ba su yi lissafi da yunwar ɗan sakandare ba. Kafin a tashi, rabin aji sun cinye abin gogewarsu. Da ya gane wasunmu ba sa karyawa kafin su zo, sai burodin ya riƙa ƙaruwa, shi kuma yana ta faɗa wai mun cika kuskure.

Yadda yake awo ne ya ja masa abin da ya fi sunan muni. Za ka miƙe hannu sosai da fensir a tsaye, ka rufe ido ɗaya, ka auna kan mutum da babban yatsa, ka ga sau nawa kan zai shiga tsawon jiki. Duk mai zane ya san wannan. Amma ku ɗauka mutum ne tsaye a kasuwa, ya kanne ido, ya nuna ka da tsinke yana motsa baki. Wani mai awon gero da Malam ya auna haka ya kwanta ciwo ba da daɗewa ba, Allah ya yi masa cikawa. Shi ke nan, aka ce Mai Gumaka kurwar mutane yake aunawa.

Daga nan iyaye mata suka fara janye yara in ya biyo layi. In ya zo majalisa sai kowa ya tuna yana da uzuri. A masallaci akan bar gurbi tsakaninsa da na kusa da shi, a sahun da kullum liman ke cewa a haɗa kafaɗa. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya ɗaga masa hannu. Barin sa kawai aka yi, shekara da shekaru, kuma na ga yadda hakan ke cin mutum.

Ranar bikina bai shigo ba. Ya tsaya can bakin layi cikin rana, ya aiko da ƙunshi a leda: gawayi da burodi. Na aika a ce ya shigo ya ci abinci, ya ce a gaya mini ba ya so dangin miji su fara da jin cewa amarya ɗalibar Mai Gumaka ce.

Abin da ya fi ba ni haushi, ɗan mai awon geron nan, da ya girma, shi ne ya je har gida a ɓoye ya ce a nuna masa fuskar ubansa. Malam ya buɗe akwati ya nemo ta. Mutumin ya zauna yana kallo har la'asar, ya share hawaye ya fita. Washegari suka haɗu a hanya ya ɗauke kai. Inna Hajara ce ta ba ni wannan labari, Malam bai taɓa faɗa ba.

Sai maganar wuya, wadda ita ce ta hana ni sukuni yau.

Kun san abin da muke yi tun firamare. In ka zana mutum ko tsuntsu sai ka ja layi ka raba kai da gangar jiki, don ya zama ba mai rai ba ne, kada gobe ƙiyama a ce ka hura masa rai. Da shi muka tashi, kuma ba na raina mai yi. To Malam shi daga wuya yake fara zane. Yakan ce, "Ku hwara da wuya. In wuya bai zamna ba, kai kabewa ce anka ɗora bisa tulu." A wurinsa gajiyar mutum, da girman kansa, da irin kayan da ya ɗauka a duniya, duk a wuya ake ganin su. Sai ka sha wahala ka zaunar da shi, sannan ka sa biro ka yanka.

Bai taɓa hana kowa ja ba. Cewa yake, "Wanda zuciyatai ba ta natsu ba shi ja, amma shi bari in duba tukuna." Nasa kuwa bai taɓa ja ba. Yakan ce shi bai zana don a bauta ba, bai zana don gasa da Mahalicci ba, aikin Mahaliccin yake kallo da kyau, kuma Allah ya san niyya. Malamai sun yi ta zuwa masa, wasu da faɗa, wasu da nasiha. Ni ba malamar addini ba ce, kada kowa ya zo mini da muhawara a ƙarƙashin wannan rubutu. Yau ba ni da ƙarfinta.

In zane ya burge shi ƙarshen burgewa, abin da yake cewa kawai shi ne, "Ya zamna." Na gama makarantar ina jira ya gaya mini, bai faɗa ba.

Daga baya aka cire darasin, aka ba shi wani abin daban ya koyar har ya yi ritaya ya koma gidan gado a Bungudu. Ni ma da zane aka ɗauke ni aiki a Tsafe, yanzu Hausa nake koyarwa. Na taɓa tara 'yan mata a gidana ranar Asabar, na zaunar musu da gwaggona, fuska da fuska, abin da ni ban samu ba. Wata maƙwabciya ta leƙo ta ga sun miƙe hannu sun kanne ido suna auna tsohuwa. Asabar ta gaba ni da gwaggo kaɗai muka zauna.

Ganina da shi na ƙarshe cikin daminar nan ne. Na raka surukata asibiti a Gusau, na ce ba zan koma ba sai na ƙarasa Bungudu. Na same shi da hantsi a ƙarƙashin dalbejiyar tsakar gida. Ciwon suga ya cinye shi har hula ta yi masa yawa. Akwatin yana buɗe a gabansa, da ɗan katako a cinyarsa, da rula da jan biro a hannunsa.

Yanka su yake yi, ɗaya bayan ɗaya.

Sai ya ɗauko takarda daga dama, ya kai ta kusa da hanci don idon ya yi rauni, ya lalubi wuyan, ya ɗora rula, ya ja, ya ajiye a hagu. Tulin hagu ya riga ya fi na dama tsawo. Ina tsaye ya ɗauko Baba Sambo, wanda ya zana ta gaba, fuskar da ban taɓa samun zama na kalla ba, ya ja masa jan layi daga wannan gefe zuwa wancan.

Na ce, "Malam, mi kake yi haka?"

Ya ce, "Balkisu ce? Zamna, ɗiyata." Sannan ya ce, "Tsoro nike ji. Da ina da ƙarhi, ina da amsa. Yanzu in na ruhe ido sai in ga dut sun taru sun tsaya, ana ce mani hura. Mi za ni hura, ni da numfashin kaina bai ishe ni ba?"

Na ce, "Ai kai kac ce Allah ya san niyya."

Ya ce, "Ya sani. Ni ne ban sani ba ko ta isa." Sannan ya rage murya don kada a ji daga zaure. "Kuma Yaya Bala ya yi mani alkawali. In na yanke su, zai bari su zamna bayan raina. In ban yanke ba, wuta. To kin gani. Gara a same su da tabo da a rasa su."

Na zauna ina kallon hannun da ya koya mini zaunar da wuya yana yankawa. Ban hana shi ba, ban taya shi ba. Ban san wanne ne daidai ba, har yanzu ban sani ba.

Can ya ajiye biro ya ce, "Kin taho da hwensir?" Ya san ba na fita babu shi. "Zana ni. Shekara da shekaru ina zana mutane, ba wanda yat taɓa zana ni."

Na ce, "Malam, ka hi kowa sanin ban iya huska ba."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Haka ne. Ta taga kinka yi karatu." Ya kira Inna Hajara ta kama masa ya juya kujera, ya ba ni baya, ya cire hula.

Ban taɓa ganin ƙeyarsa babu hula ba. Ga furfura, ga jijiyoyi biyu da suka fito da rami a tsakaninsu, kan ya ɗan karkata hagu irin na wanda ya saba kallon abu da ido ɗaya. Inna Hajara tana gefe tana tsinkar zogale, ta ce, "Yau dai Mai Gumaka ya zama gunki." Ya ce, "Hajara, in na motsa laihinki ne."

Da na gama na miƙa masa. Ya kai takardar kusa da ido, ya bi wuyan da yatsa, ya daɗe yana bi.

Ya ce, "Ya zamna."

Ni uwar 'ya'ya, sai ga ni ina kuka irin na ranar baranda.

Ya ɗauki wani jan biro daga cikin akwati ya miƙo mini tare da takardar. Ya ce, "Ki tahi da shi. In tsoro ya kama ki, ki ja, ba ni ganin laihinki." Na karɓi duka biyun na sa a jaka. Ya raka ni da murya har zaure, yana cewa in gai da Rifkatu, in ce mata har yanzu tulunta a karkace yake.

Maganarsa ta ƙarshe da na ji ke nan.

Rifkatu ta kira yanzu.

An kai shi. Ta ce mutane sun taru ba laifi, ta hango su daga ƙofar gida sun yi sahu, kafaɗa da kafaɗa. Ita ta shiga wajen mata ta sami Inna Hajara, da aka dawo suka aika a kira Alhaji Bala bakin tsakar gida. Rifkatu ta durƙusa har ƙasa. Ta ce a ba ta akwatin ta tafi da shi Damba, ba zai ƙara shiga gidan ba har abada. Inna Hajara ta tuna masa alkawari, ta ce Malam ya yanke su duka, har na ƙarshe, ya gama kafin ya kwanta.

Rifkatu ta ce dattijon kuka yake yi. Ya ce mata, "Ɗiyata, na gode da tahowarki. Na san na yi alkawali. Amma na tambaya, wasu sun ce layi ya isa, wasu sun ce bai isa ba. Ƙanena na cikin kabari yanzu. In na ba ki su, suna nan duniya, shi ko ana tambayatai. Ba ni iya zama da wagga shakka."

Aka fitar da akwatin bayan gida inda ake ƙona shara, aka zuba kananzir. Hannun farar ƙasa da ƙafar da kan nan marar hanci ba sa cin wuta, su da taɓarya aka farfasa. Rifkatu ta roƙi ko guda ɗaya, ko na Baba Sambo. Aka ba ta haƙuri, aka ba ta ruwa ta sha, aka raka ta bakin titi da mutunci.

Ta ce, "Balki, bai ko ɗau lokaci ba. Takarda ce."

Na nemi in ji haushin Alhaji Bala na rasa. Son ƙanensa ne ya sa shi. Da mugu ne da na sami wanda zan zaga in huta.

Abin da ke cin raina shi ne, mutum ya zauna da idon da ba ya gani sosai, ya yanka aikin rayuwarsa da hannunsa don a bar masa su, kuma ba a bar su ba. Ɗan mai awon gero ba shi da inda zai ƙara zuwa a ɓoye. Mazan da aka bari suka shiga ɗakin, ba ko ɗaya da ke zane yau, wani yana sayar da waya, wani yana ofis, wasu an sace su an sako, wasu ba a sako ba. Rifkatu tana aikin jinya. Matakalar da ta taso daga waɗancan tsofaffin makarantu ta biyo ta Zariya, a bayan wani gida a Bungudu ta ƙare da azahar ɗin yau. Kada ku ce mini wani zai taso. A ina zai koya, kuma wa zai yarda ya zauna masa?

Na buɗe jaka na ɗauko takardar. Ga shi nan ya ba ni baya, babu hula, kan a karkace. Maigidana ya leƙo ya gani, sannan ya ce a hankali, "Balki, ko za ki ja layin ki huta?" Ba da faɗa ya faɗa ba, tausayina yake ji.

Tsoro ya kama ni, irin na Malam sak. Na ɗauki jan biron na ɗora a gefen wuyan har bakinsa ya taɓa takarda. Akwai ɗan jan ɗigo a wurin yanzu.

Ban ja ba.

Wannan ba shi ya zana ba, ni na zana. Nasa duk sun tafi, bai bar ko ɗaya da za a tambaye shi a kai ba. In akwai tambaya a kan wannan, ni za a yi wa.

Ba zan sa hotonsa a nan ba, kada ku tambaya.

Ya Allah, kai ka halicci Lawali, kai ka ba shi idon nan da hannun nan, kai ka san abin da ya nufa da su. Ka gafarta masa, ka cire masa tsoron da ya kwanta da shi, ka yalwata kabarinsa, ka tashe shi cikin jama'ar da ba za su matsa su bar masa gurbi ba. Ka ba Inna Hajara haƙuri. Ka ba Alhaji Bala natsuwar da ya nema.

Ku da kuka karanta har nan, Musulmi da Kirista, ko kun san shi ko ba ku san shi ba, don Allah ku yi masa addu'a, kuma da sunansa, Lawali, ba da wancan sunan ba. In kun gama ku sa ni a ciki. Takardar tana kan cinyata, biron yana kusa, kuma ban san ko gobe zan iya abin da na iya yau ba.